Tafiretar da Ba Ta da Ɗaya

Na gaji da jin labarin nan a karkace, shi ya sa na zauna in rubuta shi da hannuna tun idona na gani. Tun kuna yara ake gaya muku cewa ubanku ya taɓa daka wa kakanku tsawa a gaban jama'a, har ya finciki hannunsa. A bikin 'yar'uwarku Hadiza ma da kunnena na ji wata daga cikin dangin mahaifiyarku tana maimaita shi a bayan rumfa, ta ƙara masa gishiri, wai har kujera na ture. Ban ture kujera ba. Tsawar dai na yi ta, hannun ma na kama, ba zan yi musu ba. Amma masu ba ku labarin ba su san farkonsa ba, ƙarshensa kuwa ba yadda za a yi su sani, don mu biyu ne kawai a wurin.

Kakanku na wajen uwa, wanda kuke kira Baba Akawu, malamina ne tun kafin ya zama surukina. Lokacin da kuɗin fetur ya fara zuba a ƙasar nan, ofisoshi suka yi ta buɗewa, na baro Mabai da takardar firamare a aljihu, aka ɗauke ni koyon buga tafireta a wani ofishin gwamnati a Ƙanƙara, aka danƙa ni a hannunsa. Mutum ne dogo, marar yawan magana, yana da wata rula ta katako da ba ta rabuwa da gefen teburinsa. In ka sunkuya ka kalli yatsunka kana bugu, rula. In ka manta ka sa kabon, takardar nan mai fitar da kwafi, rula. A makon farko ya ba ni wata wasiƙa in kwafa, na zo kan lamba, na duba layin sama na tafiretar daga wannan gefe zuwa wancan, na ga daga biyu lambobin suka fara.

Na ce, "Malam, wannan ta lalace, ba ta da ɗaya."

Ya ce, "Kai ne dai ka lalace, Lawal. Ɗaya ga ta nan." Ya kama yatsana na kusa da ƙarami a hannun dama, ya danna shi a kan ƙaramin harafin el. "Tafireta ba ta ɓarnar ƙarhe. El ita ce ɗaya, ɗaya ita ce el. In na sake ganin kana neman ta a sama, ka san sauran."

Haka duk masu tafiretar zamaninmu suka koya, kuma a takarda ba mai iya bambancewa. Shekaru suka wuce, na auri 'yarsa Rabi, mahaifiyarku. Daga ranar ɗaurin aure rular nan ta shige aljihun tebur ba ta sake fitowa ba, ni kuma na tashi daga Lawal na koma Malam Lawal. Kun san yadda surukuta take a wurinmu, ko da yake ku yanzu har hira kuke yi da surukanku kuna dariya. Ni in na hango shi, takalmi nake cirewa in durƙusa. Ban ƙara cin ko da gyaɗa a gabansa ba, ban ƙara haɗa ido da shi ba. Na roƙi a mayar da teburina bayan kabad, muka yi kusan shekara ashirin a ofis ɗaya muna aika wa juna takarda ta hannun masinja.

Sai kuɗin mai ya sake tashi, manya suka rasa yadda za su yi da shi, aka fara sauke mana kwamfuta a kwali. Kwamfutocin sun riga wayar lantarki zuwa ofishinmu. Wani babba ya sa aka ɗora tasa a kan tebur, aka lulluɓe ta da kyakkyawan zane, aka aza mata furen roba, kullum a goge ta da safe. Da aka ce a tura mutum ɗaya kwas Kaduna, ni aka zaɓa, wai ni ne yaro a cikin masu bugu, ina da shekara arba'in da wani abu da furfura a gemu. A can ne, rana ta biyu, malamar ajin, yarinyar da ba ta wuce sa'ar babbar yayarku ba, ta tsaya a bayana ta ce, "Baba, wannan el ka buga, ba ɗaya ba." Na ce ai duk ɗaya ne. Ta ce a idona ne suke ɗaya, ita na'urar ta san harafi daban, lamba daban, kuma akwai wurin da ba za ta yafe ba. Maganar ba ta ɗauke ta minti guda ba. Ni kuma sai da na ɗaura zare a yatsan nan na mako guda kafin ya daina zuwa wurin da kansa.

Da na dawo sai aka ce to, tunda ka iya, kai ne malami. Aka ba ni ajin ma'aikata a garuruwa uku, Litinin da Talata a Ƙanƙara, Laraba a Faskari, Alhamis a Sabuwa, ina bin hanya a kan babur cikin damina da leda a ka. Ban taɓa neman koyarwa ba, kuma a watan farko na gane dalilin da ya sa malamai ke tsufa da wuri. Ka yi bayani har maƙogwaronka ya bushe, ka ce an gane? Aji duka ya amsa, "Mun gane, Malam, Allah shi ƙara basira." Ka ce to a yi in gani, sai kowa ya naɗe hannu yana kallon na kusa da shi. A Sabuwa akwai wanda yake ɗaga linzamin kwamfuta sama yana nuna allo da shi kamar mai haska fitila. A Faskari wani Alhaji ya aiko masinjansa, dattijo mai jikoki, ya wakilce shi a aji kamar yadda ake wakilci a wurin suna, ya ce in an gama a kai masa satifiket ɗin. Wani ya ɓata mini rabin yini yana neman inda ake sa kabon. Ga janareta da ba ya mutuwa sai lokacin da mutum ya cika shafi bai adana ba. Na kan dawo gida kaina na sarawa, mahaifiyarku ta ce mi ya hwaru, in ce ba komai, an gane ne.

Ana cikin haka takarda ta zo daga sama. Duk mai buga tafireta zai zauna jarrabawar kwamfuta a ƙarshen damina, wanda ya faɗi a yi masa ritayar dole. Baba saura masa shekara biyu ya cika shekarun aikinsa ya sauka da mutuncinsa. Mutumin da ya koya wa rabin akawunan yankin nan bugu, a ce an sallame shi don bai iya bugu ba, wannan ba abin da zai iya ɗauka ba ne, kowa a gidan ya san haka. Ranar Litinin na shiga aji na tarar da shi a layin gaba, da hularsa da tabarau, ya ɗora hannu biyu a gwiwa. Sai da na koma waje na cire takalmi, na shigo na durƙusa na gaishe shi, sannan na tashi na ɗauki alli.

Gaskiya ita ce ya fi kowa. Shi kaɗai ne in ya ce ya gane, to ya gane. Cikin mako biyu ya iya buɗewa da adanawa da fitar da takarda a firinta, saurinsa kuwa har mutane ke barin nasu su zo kallo. Abu ɗaya ne kawai. Duk inda lamba ɗaya ta zo, yatsan nan na dama ne ke sauka a kan el. A allo ba ka ganin bambanci, a takarda ma haka. Ba wanda ya lura sai ni da nake tsaye a bayansa ina kallon yatsu, tun ranar farko.

Yanzu ku za ku ce, to me ya hana ka gaya masa? Haka ƙaninku Sadiƙu ya tambaye ni, yana danna waya ko kallona bai yi ba. In tsaya a kan surukina in ce Baba ka yi kuskure, kuma kuskuren abin da shi ya koya mini ne da rula? Bakina ya ƙi. Sai na shiga dabaru, kuma duk lokacin da na tuna su haushin kaina nake ji. Na tsaya gaban aji ina kallon rufi na ce, jama'a, akwai masu buga ƙaramin el a wurin ɗaya, a kula. Baba ya gyaɗa kai, ya juya ya harari na bayansa.

Ya ce, "Kun dai ji abin da Malam ya ce. A riƙa kula."

Ya juyo ya buga el. Bai ma san yana yi ba, yatsan ya shekara talatin yana zuwa wurin ba tare da ya nemi izininsa ba. Na rubuta a allon bango da manyan baƙi, ya kwafa a littafinsa da kyakkyawan rubutu, ya ja layi biyu a ƙasa, ya ci gaba da buga el. Na zo da sassafe na manna jan tef a kan maɓallin ɗaya na kwamfutarsa. Na manta cewa mutumin nan bai taɓa kallon yatsunsa yana bugu ba, shi ne ma ya hana mu. Tef ɗin ya yi wata guda a wurin har ya ɓare da kansa.

Da dabara ta ƙare sai na koma gida na sami mahaifiyarku tana tankaɗe.

Na ce, "Rabi, saƙo za ki kai. Ki gaya wa Inna ta gaya wa Baba, ƙaramin el ba ɗaya ba ne, ya kula da shi."

Ta ajiye rariya ta dube ni. "Malam, ni za ni tahi gidanmu in ce Baba bai san ɗaya ba? Mutumin da shina buga takardar gwamnati tun ina ƙaramar yarinya?"

"Ba haka na ce ba. Ki dai faɗa yadda na faɗa."

"To, na ji. Amma ka san halinshi, kada ka kunyata mani uba a gaban yaran ohis."

Ta kai saƙon, ba zan ɗauki alhakinta ba. Ita ta gaya wa kakarku Inna a madafa, cikin ƙarar daka. Inna ba ta san wani el ba, Ali ta sani, ɗanta, kawunku mai gyaran babur, wanda ake kira Ali Ƙarami don akwai wani Alin babba a gidan. Saƙon da ya isa kunnen Baba shi ne, wai Malam Lawal ya ce a kula da Ali Ƙarami, ba ɗaya yake ba, wato ya fara kauce hanya. Aka kira kawunku, magidanci mai 'ya'ya biyu, aka zaunar da shi a zaure aka yi masa faɗan awa guda a kan abokan banza da bai san su ba. Ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwata. Washegarin faɗan Baba ya shigo aji ya ce mini a hankali, yana kallon ƙasa, "An gode da tunasarwa, Malam Lawal, an tsawata mashi." Na durƙusa na ce ba komai, Baba.

Sai na fara lallashin kaina. Na ce ai jarrabawar bugu ce, wasiƙa za a ba su su kwafa, mai dubawa da ido zai duba, ba zai gane ba. Da wannan ƙaryar na kwana har ranar ta zo.

A Faskari aka tara masu bugun garuruwan uku, a wani babban ɗaki, an jera kwamfutoci. Mai jarrabawar wani matashi ne daga birni, da kwat da agogo, yana magana kamar mai jin ƙyashin kalmomi. Ya ce malamai su tsaya jikin bango, ba magana, ba nuni. Sannan ya faɗi ƙa'idar da ban taɓa tsammani ba. Kafin takardar jarrabawa ta buɗe, kowa zai buga lambar fayil ɗinsa ta aiki. Sau uku ne. In ka kuskure na uku, na'urar ta rufe, a rubuta ba ka zauna ba. Lambar Baba na san ta kamar sunana, ni nake buga masa takardar hutu duk shekara. Sau biyu ɗaya ta fito a cikinta.

Ya gyara zama, ya yi bisimilla, ya buga. Na'urar ta ƙi. Lambar ma ba ta fitowa a allo, ɗige-ɗige ne kawai, ba abin da zai duba ya gane. Ya ciro katinsa daga aljihu, ya kusantar da shi ga tabarau, ya karanta yana motsa leɓe, ya sake bugawa a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Daga inda nake ina ganin yatsan nan ya sauka sau biyu. Ta sake ƙi. Na kusa da shi duk sun shiga, ɗakin ya cika da ƙarar bugu. Mai kwat ya dubi agogo ya dubi Baba. Baba ya cire hula ya share zufa ya mayar, abin da ban taɓa ganin ya yi a gaban mutane ba. Ya ɗaga hannu biyu a karo na uku.

Ban san lokacin da na bar jikin bangon ba.

"Baba, tsaya!"

Da ƙarfi na faɗa, ba zan rage ba, har na bakin ƙofa suka waiwayo. Na damƙe hannunsa na dama a sama kafin ya sauka. "Wannan ba ɗaya ba ce! El ce! Ɗaya tana nan sama, a hagu!" Na kama ƙaramin yatsansa na hagu na danna shi a kan maɓallin. Da takalmina a ƙafa, a tsaye a kansa. Ya dubi hannuna a kan nasa, ya dubi maɓallin, bai dube ni ba. Na sake shi. Ya ƙarasa lambar da kansa, takarda ta buɗe.

Mai kwat ya tambayi sunana ya rubuta. Ya ce tunda ba amsar jarrabawa na ba da ba, dattijon ya ci gaba, amma ni zan ji daga sama. Baba ya riga kowa gamawa, ya tashi ya fita, ya shiga motar haya ya bar ni da baburin da muka zo a kai.

Labari ya riga ni isa Ƙanƙara. Mahaifiyarku tana tsaye a tsakar gida.

Ta ce, "Abu guda na roƙe ka, Malam. Guda ɗaya tak."

Ta ajiye mini tuwo ta shige ɗaki, muka yi mako ba mai cewa uffan sai gaisuwa. Sabuwar masarar da na aika gidansu, Inna ta sa aka dawo mini da ita. Takardar tuhuma ta zo, aka karɓe ajin Faskari da na Sabuwa daga hannuna har zuwa wata shekara. Sakamako ya fito, Baba ya ci, aikinsa ya tsira, amma ba wanda ya haɗa wannan da wancan. A ofis in na durƙusa sai ya ce "lahiya" ya wuce. Na yi fushi ni ma, in gaya muku gaskiya. Na ce na ceci mutum, an mai da ni marar kunyar gari.

Sai da aka gama girbi na sauke girman kai na bi shi Ketare, garinsu, inda yake zuwa ƙarshen mako duba amfanin gona. Na same shi shi kaɗai a zaure, da tsohuwar tafiretarsa da ofis ya yar ya ɗauko, yana goge ta da tsumma. Na cire takalmi na durƙusa.

Na ce, "Baba, haƙuri na zo bayarwa. Na ɗaga maka murya, na kama maka hannu a gaban mutane."

Ya ci gaba da goge-gogensa. Can ya ce, "Tun yaushe ka gani?"

"Tun ranar farko, Baba."

"Wata nawa ke nan kahin jarrabawa?"

"Uku."

"Wata uku kana tsaye bayana kana kallon yatsana shina tahiya inda ba daidai ba. Ka hwaɗa ma ruhin ɗaki, ka hwaɗa ma ɗiyata, ka sa na ci mutuncin Ali a banza. Ni da abin ya shahwa ba ka hwaɗa mani ba, sai da ya rage bugu guda a kore ni."

Na ce, "Kunya ce, Baba."

"Kunya." Ya ajiye tsumman. "Da na ji kunyarka ranar da ka zo daga Mabai, da yanzu kana ina? Mutane na ta cewa ka kama mani hannu. Su suka ga abin haushi a nan, ni ban gani ba. Ranar nan kaɗai ka yi mani aikin malami. Sauran wata ukun suruki na samu, ni kuwa ba neman suruki ya kai ni ajin nan ba, ina da shi a gida."

Duk fushin da na ɗauko daga Ƙanƙara na neme shi na rasa. Ya sa hannu cikin akwatin tafiretar ya zaro rular nan ta katako, gefenta duk ya cinye, ya miƙo mini.

"Karɓi, Lawal. Ba don ka bugi kowa ba, zamanin ya wuce. Ka aje ta inda kake ganinta."

Shekara ashirin rabon da in ji sunana haka a bakinsa, kuma ban sake ji ba har ya koma ga Allah. Kafin in gama sa takalmi a ƙofar zauren na koma Malam Lawal, yana cewa a gaida mutanen gida.

Bai taɓa gyara labarin a wurin dangi ba, ni ma ban gyara ba, don in na faɗa sai in ce ga abin da surukina ya gaya mini, wannan ma wata kunyar ce. Na koyar da kwamfuta shekaru masu yawa bayan haka, na gyara wa hakimai da limamai da iyayen abokaina, wasu sun ji haushi, wasu sun daina zuwa. In na ga yatsa ya kauce, a ranar nake faɗa, ga mai yatsan.

Rular tana aljihun teburina. Tafiretar kuwa ni ya bar wa, ita ce abin nan da ke lulluɓe a kan kabad ɗin ɗakina, wadda kuke ta cewa in ba 'yan gwangwan. Ba za a ba su ba. Duk wanda ya sake jin an ce ubansa ya yi wa kakansa rashin kunya, ya je ya ɗaga zanen ya duba layin sama. Daga biyu yake farawa.